Ranar da Saniyar Mushe Ta Tashi

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za mu tattara. Kawuna, wan mahaifiyata, wanda mutanen Tasawa da Mayahi suka sani da Mushe, kamar yadda ake kiran malamin boko a nan, ya riga mu tafiya wata Talata da hantsi, yana zaune a zaurensa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa.

Zaman makokinsa bai yi kama da na sauran tsofaffi ba. Tabarmi sun kasu uku, ba kuma wanda ya raba su. A gindin itacen bedi tsofaffin ɗalibansa na lakwal ne, wato makarantar boko, wasu ma'aikata, wasu 'yan kasuwa, duk da furfura, suna nuna wa juna tabo.

"Wanga na lissafi ne," in ji wani, ya ɗaga hannun riga. "Bakwai sau takwas."

"Kai ka samu sauƙi. Ni da kujera ya jefe ni, don na zana akuya da ƙafa biyar."

Suka yi dariya, sannan suka tuna inda suke, suka ce Allah ya jiƙan Mushe.

Can jikin katanga Fulanin rugagen Urafan ne. Sun jingine sandunansu a waje kafin su shigo, ba tare da an ce su yi ba. A bakin ƙofa kuma manoman ƙauyenmu ne, danginsa na jini, su ne suka fi kowa ƙarancin magana. A cikinsu wan mijin ƙanwata ya gyara murya ya ce, yadda kowa zai ji:

"Allah ya jiƙan musulmi dai. Amma hannun ƙanena shi ya cire shi, da wasan banzan da yake yi cikin salula."

Ban san lokacin da na tashi ba. Na ci kwalarsa, na haɗa bayansa da bango har ƙasa ta zubo mana a kai. Sai da liman da mutum biyu suka ɓamɓare ni. Inna, matar Kawu, ta aiko daga cikin gida: a gaya wa Alhaji, wato ni, in faɗa ya zo yi, mai gidan ya yi iyakar nasa ya tafi, a bar ta ta ji da abin da ke gabanta.

Na koma na zauna, na san ba da mutumin nan nake fushi ba. Abin da ya faɗa shi ne abin da ƙasar nan take faɗa shekara huɗu, kuma rabin gaskiya ne. Sauran rabin yana wurin mutum ɗaya da ke raye, ni ne. Ni dillalin salula ne a kasuwar Tasawa. Da tiren batir da tocila na fara a kasuwar Urafan, ban gaji ko tsinke ba, kuma abin da ya tsayar da shagona shi ne manomi ya yarda da ni, makiyayi ya yarda da ni. In na buɗe baki zan iya rasa su duka biyu. In na yi shiru, an rufe Kawu da kayan da ba nasa kaɗai ba.

Bari in fara faɗin wane ne shi.

Mutum ne mai zafin hannu, ba zan ɓoye ba. Ya koyar a Tchake, ya koyar a Mayahi, ni ma na zauna ajinsa shekara biyu kafin in gudu, kuma tsagar da ke kunnena na hagu aikin ƙarfen awonsa ce. Amma duk wanda ya zauna ajin ya san abu ɗaya: da alli a hannu ba shi da na biyu. Zai zana raƙumi a allo da layi ɗaya bai ɗaga hannu ba. In ka kawo masa aiki ka ce ka gama, ba ya cewa madalla. Tambayarsa ɗaya ce: "An gwada?" Ko guga ka ɗinke, ko lissafi ka yi, an gwada? In ka ce e alhali ba ka gwada ba, ka shirya kumatunka.

Da ya bar aiki, ɗiyarsa da ke Maradi ta bar masa tsohuwar ordinatarta, kwamfuta irin mai naɗewa, don ya riƙa karanta labarai. Bai karanta labarai ba. Ya gano cewa shafin intanet da muke buɗewa a salula rubuta shi ake yi, kuma ana iya sa shi ya yi zane. Ya bi darussan Faransanci ɗaya bayan ɗaya, yana kwafe su a littafi da biro kamar ɗan aji, har ya iya harshen da suke ce wa JavaScript. Wata rana na shiga gaishe shi, ya ja ni da riga.

"Zo ka gani, dillali. Allo ne. Allo ne mai goge kansa."

Wata ƙwallo ja ce take faɗowa daga saman gilashin, ta bugi ƙasa, ta yi tsalle, ta sake faɗowa. Na ce to, sai me?

"Sai me? Kai jaki ne tun kana aji. Ba motsi take yi ba. Zanawa yake, ya goge, ya sake zanawa gaba kaɗan, ya goge, da saurin da idonka ba ya kamawa. Shekara talatin ina goge allo da tsumma, ashe ga wanda ke goge kansa."

Daga ƙwallo ya yi dara, wadda mutum biyu ke bugawa da yatsa a salula ɗaya. Daga dara ya yi kokowa: 'yan kokowa biyu, ɗaya baƙi ɗaya ja, kowa da layunsa, kana danna gefenka naka yana turawa. Ba sai an sauke komai ba, adireshin shafin kawai za ka buɗe. Ni kuwa na ga kasuwa. Duk salular da zan sayar sai na buɗe mata shafin Kawu tukuna, in miƙa wa mai ciniki ya taɓa, kafin ya kai ja ƙasa ya manta da ragin da yake nema. Wata rana mahauta biyu suka kaure a ƙofar shagona a kan kokowar, ɗaya ya ce gwiwoyin baƙi sun taɓa ƙasa amma ba a kayar da shi ba. Suka karya mini benci, ɗaya ya tafi da fasasshen leɓe. Da na kai wa Kawu ƙara, bai tambayi benci ba. Ya ce, "Wane ne ke da gaskiya?" Ya duba rubutunsa, ya ce mai fasasshen leɓe ne, ya gyara kafin la'asar, ya aike ni in ba shi haƙuri.

Rigimarmu ta farko a kan bindiga ce. Na ce masa matasa wasan harbi suke so, ya yi mini ɗaya mai jini, zan sayar da salula kamar ƙosai. Yana alwala lokacin. Butar ya wurgo mini, ta same ni a ƙirji.

"Ka je ka tambayi waɗanda anka kora daga garuruwansu ko harbi wasa ne. Fita mini daga gida."

Wata biyu ban taka zauren ba.

Saniyar ta zo ne ta hanyar ƙanen Arɗo, wani dattijon makiyayi na rugagen Urafan, dogo, mai gemu fari-fari, wanda ke sayen batir wurina tun ina da tire. Ranar kasuwar Urafan Kawu yakan hau bayan motona mai ƙafa biyu mu je tare, ya zauna a rumfata yana nuna wa mutane zanensa. A lokacin ya zana saniya tana kwanciya tana tashi, yana ji da ita. Ƙanen Arɗo ya leƙa, ya daɗe yana kallo, ya yi tsaki.

"Mushe, wagga ba saniya ba ce. Doki ne ka sa wa ƙaho."

Na ɗauka za a yi jifa da wani abu. Kawu ya ce, "Mi ka gani?"

"Da ƙafar gaba ta tashi. Saniya da baya take fara tashi, tana durƙushe kan gwiwa. Kai da ka koyar da duniya, ba ka taɓa tsayawa bayan saniya ba?"

Kawu ya tashi ya bi shi har kasuwar shanu, suka tsaya cikin rana suna jiran wata ta tashi. Mako mai zuwa ya kawo gyara. Ƙanen Arɗo ya kalla sau uku, ya kira 'yan'uwansa, ya ce, "Yanzu ta zama tamu." Tun daga ranar suka riƙa ce mata saniyar Mushe.

Shi ne ya kawo maganar sakin gonaki. Kowa a nan ya san yadda abin yake: tun daga shuka gonaki a rufe suke ga dabbobi, sai an kwashe amfani hukuma da sarakuna su tsayar da ranar da za a saki, shanu su shiga su ci kara da harawa. Amma ranar takan iso daji a karkace. Wani ya ji a rediyo, wani ya ji a bakin rijiya, wani ya ƙara kwana uku, wani ya rage biyar, kuma a cikin kwanakin nan ake fasa kawuna kowace shekara. Ƙanen Arɗo ya ce, tunda saniyar ta iya tashi, me zai hana ta tashi ranar da aka saki?

Haka Kawu ya yi. In an tsayar da rana, sai ya rubuta ta cikin shafin. Makiyayi ya buɗe ranar kasuwa inda akwai rezo, wato sabis ɗin waya, shafin ya zauna cikin salularsa, ya tafi da shi daji inda babu. Ba sai ka iya karatu ba. Muddin gonaki na rufe, saniya na kwance a bakin jar gona. Ranar saki gonar ta koma kore, saniya ta tashi ta shiga. Kaka biyu aka yi da ita, manoma ma suna buɗewa, kuma a yankinmu ba a ɗaga wa kowa sanda ba.

Tun farko Kawu ya gaya mini a fili: "Saniyata ba ta san rana ba, agogon salula take tambaya. Waɗanda kake sayarwa, kwanan watansu daidai yake?" Lokacin daidai yake. A shekara ta uku na samo wani kaya mai araha daga ƙetaren iyaka, tsofaffin salula da aka yi wa kwaskwarima. Suna da ciwo ɗaya: ka cire batir, su manta rana, su koma ɗaya ga Janairu na wata tsohuwar shekara, kuma ba sa gyara kansu sai sun ga rezo. Mutanen gari suka riƙa dawo mini da su. Sai na juya su wajen makiyaya, waɗanda ba sa duban kwanan wata, ina ƙara musu batir na biyu gyara, tunda caji na yi musu nisa. Kawu ya ga sabon kayan a rumfa, ya ɗauki ɗaya ya juya.

"An gwada agogon?"

"An gwada, Kawu."

Da ciniki a gabana na faɗa, ban ma ɗago kai ba.

Saura kwana goma sha biyu a saki gonaki, ranar kasuwar Urafan, muna rumfa da hantsi, ƙanwata ta kira ni tana kururuwa. Shanu sun shiga gonar mijinta, an sare shi, an kama makiyayin, kuma bakinsa bai daina kiran Mushe ba. Kawu ya ji komai, don muryarta ta cika rumfar. Kafin in tayar da moto ya hau.

Abin da muka tarar ba zan manta ba. Waken da aka tara ba a kwashe ba an tattake shi ya zama ƙasa, dammunan hatsi a warwatse. Shanu uku na kwance an sassare musu agara, suna jan ƙirji suna kuka. An gaya mana yadda aka yi: mijin ƙanwata ya tarar da garke cikin gumin shekararsa, ya hau su da gatari. Makiyayin ya ga ana sare masa shanu a gonar da ya yi imani an saki, ya zare takobi. Sara ɗaya, hannun dama daga wuyan hannu. An riga an tafi da mijin ƙanwata likita a amalanke, amma jinin na nan, wata mata ta kifa ƙwarya a kan abin da ya faɗi.

Makiyayin kuwa ƙanen Arɗo ne. Sun ɗaure shi a jikin gawo da igiyar shanunsa, fuskarsa ta kumbura har ban gane shi ba sai da ya yi magana. An juye masa bidon esansi, wato jarkar fetur, tun daga kai, warin ya cika wurin. Dattawan ƙauye na cewa a jira a ji ko wanda aka sara zai rayu, matasa na cewa ba abin da za a jira. Mai gari ya kira jandarmomi, amma daga Tasawa za su taso.

"Mushe," in ji shi, da ƙyar. "Gaya masu. Ta tashi. Wallahi ta tashi."

"Ƙarya yake!" in ji wan mijin ƙanwata. Ya ɗaga tasa salular, saniya na kwance a bakin jar gona. "Ga ta nan kwance! Kowa ya duba tashi!"

Kawu ya sunkuya. Ya duba ƙasa har ya ga salular makiyayin cikin rairayi, gilashin ya tsage. Ya ɗauka ya hure ta. Ina bayansa, na gani da idona: gona kore shar, saniya na tafe a ciki tana kaɗa wutsiya. Ya shiga wurin kwanan wata. Ɗaya ga Janairu.

"Ka cire batir?" ya tambayi makiyayin.

"Da asuba. Na sa ɗayan."

Janairu rani ne, gonaki a sake suke. Shafin ya tambayi salula wata, ta ce Janairu, ya tayar da saniya. Kawu ya juyo ya dube ni, kallo ɗaya, gajere. Na san ya gane komai. Ni kuwa hannuna na kan moto, na riga na juya kanta wajen hanya.

Ya ɗaga salular sama, ya yi muryar aji.

"Jama'a, wanga mutum bai yi ƙarya ba. Ku zo ku gani, ga ta tana tafiya. Ni na rubuta ta. Ni na ce mata in ta ji Janairu ta tashi, ban ce mata ta bincika ko Janairun gaskiya ne ba. Hannu shi ya sara, wannan hukuma za ta tambaye shi. Amma wanda ya buɗe mashi gonar, ga ni tsaye."

Wurin ya fashe. Wan mijin ƙanwata ne ya fara kai masa sanda, a gefen fuska. Na ji ƙarar daga inda nake. Kawu ya faɗi, hularsa ta yi gefe, jini da wani ruwa na fita daga idonsa na hagu. Wani ya sa masa ƙafa a haƙarƙari. Dattijon da ya haura saba'in, wanda ya koya wa rabinsu rubuta sunansu. Bai kare kansa ba. Da rarrafe ya ja jiki har gindin gawon, ya juya, ya jingina bayansa da ƙafafun ƙanen Arɗo. Ya damƙi rairayin da ya jiƙe da esansi ya shafa a rigarsa, ya shafa a gemu.

"Bon," ya ce da Faransancin aji. "Wa ke da ashanar?"

Wani ƙato ne ke riƙe da ita, magidanci mai 'ya'ya. Kawu ya ɗago ido ɗaya ya gane shi.

"Kai ne? Ba kai na kora daga aji huɗu ba? To ƙyasta mu gani. Mu biyu ne yanzu. Ko ita ma sai an nuna maka a allo?"

Aka jefo dutse ya same shi a kafaɗa, aka sake jefo wani ya fasa wa makiyayin goshi. Amma ashanar ba ta fito daga kwali ba. Ƙona baƙo abu ne da taro ke iya yi, gobe kowa ya ce ba shi ba ne. Ƙona kawun matar gida, wanda kowa zai iya faɗin sunan uwarsa, sai mutum ɗaya ya ɗauka a kansa, kuma ba wanda ya so ya zama shi. Dattawa suka samu ƙofa, suka zo suka tsaya tsakani. Haka aka zauna cikin rana, Kawu na zubar da jini yana zagin duk wanda ya matso, har motar jandarmomi ta iso bayan azahar.

Ni duk tsawon lokacin nan ina tsaye jikin moto. Kalma biyar ta ishe ni: ni na sayar masa ita. Ban faɗa ba.

Mijin ƙanwata ya rayu, ba hannu. Ƙanen Arɗo ya rayu, aka kai shi gidan kaso. Kawu ya rasa ido, haƙarƙari biyu sun karye. Kwana uku bayan haka na same shi a gadon asibiti a Maradi, Inna ta fita ɗebo ruwa. Ya yafuto ni da yatsa, na sunkuya.

"An gwada?"

"Ba a gwada ba, Kawu."

Ya mare ni. Marin ba ƙarfi, amma ban taɓa shan wanda ya fi shi zafi ba.

"Wannan na ƙaryar ne. Sauran laifin nawa ne. Ni ke da rubutu, ni ya kamata in cire batir da hannuna in gani, sai na tsaya tambayar dillali."

"In je in faɗa musu?"

"Yanzu? Su ƙone shagon da kai ciki? Ƙanwarka mijinta ba hannu, wa zai riƙe ta? Ba yanzu ba. Je ka kwaso mini salulolin nan duka, kada ka bar ko ɗaya a daji."

Na bi rugage mako uku a kan moto, ina karɓar tsohuwa ina ba da sabuwa, ina cewa kamfani ne ya ce a canza. Na zube su a zaurensa. Ya miƙo mini guduma, ya zauna da bandeji a fuska yana kallo har na farfasa ta ƙarshe.

"Ba yanzu ba" ya ce. Ni na mayar da ita shekara huɗu. Bai sake tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya, kuma bai taɓa kiran sunana a gaban alƙali ko a gaban dangi ba.

Da ido ɗaya ya sake rubuta shafin, hancinsa kusan na taɓa gilashi. Ya hana shi yarda da agogon salula. In shafin bai samu rezo ya tabbatar da ranar ba, saniya ba ta kwanciya, ba ta tashi, ɓacewa take yi, sai wani mutum ya fito ya ɗaga tafin hannu: tsaya, je ka tambaya. Ya gwada shi a salula kala-kala, yana cire batir yana mayarwa har farcensa ya tsage. Amma mutane ƙalilan ne suka sake buɗewa. Manoma sun ce kayan tsiya ne, makiyaya sun ji tsoro.

Danginmu na ƙauye suka daina gaishe shi. Ba a gayyatarsa suna, ba a gaya masa rasuwa. Shi kuwa kowace damina sai ya sa in kai shi gonar mijin ƙanwata da hauyarsa, don hauya mai doguwar ƙota hannu biyu take so. Shekarar farko suka ƙwace ta suka jefa bayan shinge. Ya je ya ɗauko, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Shekara ta biyu suka ƙyale shi, ba sannu, ba ruwa. Yakan kuma hau mota ya kai wa ƙanen Arɗo fura a gidan kaso, su zauna suna gardama a kan ko ƙahon da ya zana na shanun bunaji ne ko na azawak. Inna ta taɓa ce masa, "Malam, ka bar wahalar da kanka, ba sa gani." Ya ce, "Ni ma da rabi nake gani, mun yi daidai."

Wannan shi ne mutumin da aka ce ya cire hannu da wasan banza.

Ranar addu'ar bakwai taron ya fi na farko. Ƙanen Arɗo, wanda aka sako bara, yana cikin Fulani, ya rame. Ƙanwata ta jawo mijinta, ya zauna a ƙarshen tabarma, hannun rigarsa na dama a naɗe. Liman ya gyara zama zai fara, na miƙe na ce a ba ni minti biyu. Na faɗa kamar yadda nake faɗin kuɗin kaya, ba ƙari ba ragi. Na ce salular daga hannuna ta fito, na san ciwonta, na zaɓi in kai ta daji don mutanen gari sun ƙi ta. Na ce Kawu ya tambaye ni na yi masa ƙarya. Na ce ranar da aka fasa masa ido ina tsaye da kan moto a hanya.

Mijin ƙanwata ne ya tashi, ya tako a hankali ya tsallake ƙafafun mutane har ya zo gabana.

"Yaya, hatsin da kake aiko mana duk shekara, na wannan ne?"

"Na wannan ne."

Ya dunƙule hagunsa ya sauke mini a baki. Hannun da ya yi shekara huɗu yana aikin biyu ne, na zauna daɓas, na tofar da haƙori a tafina. Mutane suka taso, na ce a bar shi. Wansa, wanda ya kai sandar farko, ya ja rawani ya rufe fuska, ya tashi ya fita ko takalmi bai ɗauka ba. Ƙanen Arɗo bai ɗaga murya ba. Daga inda yake zaune ya ce, "Alhaji, tun kana da tire nake sayen kayanka. Daga yau ni da duk wanda ke jin maganata mun bar rumfarka." Kuma sun bari. Kasuwa uku ke nan ina kwashe kayana kamar yadda na shimfiɗa su.

Mijin ƙanwata bai koma ƙarshen tabarma ba. Ya zauna nan gaba, kusa da liman, yana huci. Da numfashinsa ya daidaita ya ce, "Malam, a yi addu'ar. A ce Allah ya yafe mashi, a ce kuma shi ya yafe mana. Damina huɗu yana noma mini gona ban ba shi ruwa ba." Ya ɗaga hannunsa ɗaya, taron ya ɗaga nasa, ni ma na ɗaga nawa da jini a ciki.

Ya Allah, ga bawanka mai zafin hannu, wanda ya zauna cikin esansi don ran wani. Ka yafe masa bulalarsa, ka karɓi zamansa a gindin gawon nan, ka ba Inna haƙurin rashinsa. Mu da muka tsaya muna kallo, ka ba mu lokacin gyarawa kafin tamu ta zo. Amin.